Rigakafin manya: da wace allura za a fara, kuma a ina ake yin kuskure?

Malam Sani Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar wannan makon ita ce rigakafin manya. A garin nan namu na Zariya da an ce allurar rigakafi sai hankalin kowa ya tafi kan jariri da katin asibiti, ko maniyyacin da ke shirin tafiya Makka. Magidancin da ke noma a Dakace ko mai walda a Sabon Gari ba ya ganin akwai wadda ta shafe shi. Ina roƙon masanan da ke cikinmu su fayyace mana waɗanda suka kamata, sau nawa ake yi, tazarar da ke tsakani, sannan in kuɗi bai kai a yi duka ba, da wace za a fara.

Dakta Aliyu: Wa alaikumus salam Malam Sani. A ganina tetanus ce a gaba, domin ita ce mafi sauƙin samu kuma ita aka fi wasa da ita. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, musamman na doki da shanu, kuma tana iya shekaru a busasshiyar ƙasa ba ta mutu ba. Duk inda ake zuba taki a gona, duk gidan da ke da bargar doki, tana nan. Ba ta son iska, shi ya sa ƙaramin rauni mai zurfi ya fi haɗari a kan babban yanka mai buɗaɗɗen baki: ƙusa a tafin ƙafa, ƙaya, tushiyar dawa, ƙunar salansar babur da aka bari ta ruɓe. Daga kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya ƙulle, wuya ya sandare, ƙara kaɗan ko haske ya sa jiki ya banƙare. Wanda ya yi ciwon ya warke ma bai tsira ba, domin ciwon ba ya barin garkuwa, dole sai an yi masa allurar.

Wadda ake yi yanzu ita ce Td, rabin mililita a tsokar dantse. Ta haɗa tetanus da mashaƙo a kwalba ɗaya, kuma kowa ya ga abin da mashaƙo ya yi tun ƙarshen 2022, Kano ta fi shan wahala, ya kuma ɓulla a Kafanchan a 2023. Babba ma yana kamuwa, yana kuma kai wa yara gida.

Sista Binta: Dakta bari in sa jadawalin, don a nan ne mata ke tsayawa rabin hanya. Ta farko ranar da aka fara zuwa awo. Ta biyu bayan aƙalla mako 4, kuma a tabbatar an yi ta saura mako 2 ko fiye a haihu, in ba haka ba garkuwar ba ta isa jikin jariri yadda ake so. Ta uku bayan wata 6 da ta biyu, tana kariya kamar shekara 5. Ta huɗu bayan shekara guda, kariyar shekara 10. Ta biyar bayan wata shekarar, ita ce ke rufe duk shekarun haihuwa. Ta farko ita kaɗai kusan ba ta kare komai, share fage ce kawai.

Abin da ke faruwa shi ne mace ta yi biyu a wannan cikin, ta haihu, kati ya ɓata, a ciki na gaba a sake farawa daga ɗaya. Ba a sake farawa. Ko shekara uku aka yi tsakani, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, muddin akwai shaida a rubuce. Kuma ba sai da ciki ake yin ta uku ba, mai shayarwa ma ana yi mata. Amfaninta ga jariri babba ne: cibiyar da aka yanke da tsohuwar reza ko aka shafa mata abin da bai dace ba ita ce ƙofar cutar, sai a ga jaririn da ke shan nono lafiya lau ya daina kama nono cikin makonsa na farko ko na biyu.

Malam Sani Tudun Wada: To maza fa, Sista? Ba su zuwa awo.

Dakta Aliyu: Jadawalin nan na allura biyar shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa duk babban da bai san ko an yi masa yana yaro ba, namiji ko mace. Ƙasashe da dama kuma suna ƙara guda duk shekara 10. Idan rauni ya samu, ga yadda ake aunawa. Wanda ya taɓa yin aƙalla uku, raunin kuma ƙarami ne mai tsabta, sai in ta ƙarshe ta wuce shekara 10 za a ƙara masa. In raunin mai datti ne ko mai zurfi, shekara 5 ce iyaka. Wanda bai kai uku ba ko bai sani ba, a yi masa Td nan take, in raunin mai datti ne a haɗa masa da ruwan garkuwa a wani ɓangaren jiki daban. Kafin duk wannan a wanke raunin da ruwa da sabulu sosai a fitar da dattin. Man birki da kanikawa ke zubawa, toka, ƙasa, garin batir, duk rufe raunin suke yi su ba ƙwayar mazaunin da take so.

Famasis Nura: Wannan ruwan garkuwar da Dakta ya ambata shi ne inda aka fi ruɗewa. Mutum ya taka ƙusa, ya je kemis a yi masa ATS, ya tafi yana cewa ai an yi masa allurar tetanus. ATS ba rigakafi ba ce. Garkuwa ce da aka tace daga jinin doki, a ba ka aro, awo 1,500, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta fita daga jiki. Ba ta koya wa jikinka komai. Kuma da yake daga doki take, tana iya jawo mummunan borin jiki har numfashi ya sarƙe, don haka ba a yin ta inda babu adirenalin a kusa. Wadda aka tace daga jinin mutum, TIG, awo 250, ta fi aminci, sai dai tsada da wuyar samu. Duk wanda aka yi wa allura bayan rauni ya tambayi sunanta, ya ga kwalbar. In ATS ce kaɗai, aikin bai kammala ba.

Malam Garba na ɗakin gwaji: Ni kam da za a tambaye ni, ciwon hanta na B zan sa a gaba, ba tetanus ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu ke nan, mafi yawansu ba su sani ba. Sai a 2004 aka sa allurar cikin jadawalin yara a Najeriya, don haka duk wanda aka haifa kafin lokacin ya ɗauka ba a yi masa ba. Cutar tana shekara ashirin ko talatin shiru tana cin hanta, ranar da ciki ya kumbura ido ya yi rawaya sau da yawa an makara.

Dakta Aliyu: Ba na musu da girman matsalar, Malam Garba. Na sa tetanus a gaba ne don tana samuwa a cibiyar lafiya ta unguwa. Mai hali ya yi su rana ɗaya, ɗaya a dantsen dama ɗaya a hagu, babu abin da ya hana.

Malam Garba na ɗakin gwaji: Madalla. To ga tsarin. A fara da gwajin HBsAg, mai nuna ko mutum na ɗauke da ƙwayar cutar, ɗigon jini ne a ɗan tsinken gwaji, minti ashirin sakamako ya fito. In babu cutar, allura uku ce: yau, bayan wata 1, sai wata na 6 daga ta farko. Babba mililita ɗaya ake ba shi, mai ɗauke da maikirogiram 20. Rabin mililita na yara ne, kuma ana samun masu yi wa babba da awon yara don kwalba ta isa mutum biyu. A dantse ake yi. Wadda aka yi a ɗuwawu kitse take shiga ba tsoka ba, garkuwar takan fito da rauni, shi ya sa ba a lissafa ta.

Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta uku ana iya gwajin anti-HBs, mai auna garkuwar da jiki ya samu. Daga 10 zuwa sama garkuwa ta kama. Ba kowa ke buƙatar wannan gwajin ba, amma wajibi ne ga ma'aikacin lafiya, ɗaliban likitanci da jinya kafin su fara shiga ɗakunan marasa lafiya a asibitin koyarwa na Shika, mai wankin ƙoda, mai ɗauke da ƙwayar HIV, da wanda matarsa ko mijinta ke da cutar. Mutum biyar zuwa goma cikin ɗari jikinsu ba ya amsawa a zagayen farko, an fi ganin haka ga wanda ya haura arba'in, mai ƙiba da mai shan taba. Su sai a sake musu uku. Masu wankin ƙoda kuwa ninki biyu ake ba su tun farko, maikirogiram 40.

Wani abu kuma: kada a yi gwajin HBsAg cikin makonnin farko bayan allura. Allurar kanta tana iya sa gwajin ya nuna akwai cuta na ɗan lokaci, har kusan mako biyu ko uku. A jira wata guda.

Famasis Nura: Akwai masu cewa gwajin farko ɓata kuɗi ne, tunda allurar ba ta cutar da mai ɗauke da ciwon.

Dakta Aliyu: Gaskiya ne ba ta cutar da shi, amma ba ta amfana masa komai, kuma illar tana wani wajen. Zai tafi da kati yana ganin ya tsira, alhali kamata ya yi a duba yawan ƙwayar a jininsa, a duba aikin hanta, a yi hoton ciki lokaci zuwa lokaci, a ga ko ya kai matakin fara shan maganin tenofovir. Sannan matarsa da 'ya'yansa da 'yan uwan da suka fito ciki ɗaya duk suna buƙatar gwaji. A wurin da cutar ta yi yawa kamar namu, gwajin ba abin tsallakewa ba ne.

Sista Binta: A ƙara da maganar aure, don ana fasa aure a kan wannan ba gaira ba dalili. In gwajin kafin aure ya nuna ango na da shi amarya ba ta da shi, ita ake yi wa rigakafi. Idan biki ya matso akwai tsarin gaggawa: yau, kwana 7, kwana 21, sai ta huɗu bayan shekara, kuma ta huɗun ba a barinta. A gwada garkuwarta, in ta kama, ta samu kariya. In kuma matar ce ke da shi, abin lura shi ne haihuwa. Jariri ya samu allurarsa cikin awa 24, ba ranar suna ba, ba ranar arba'in ba. Jaririn da ya ɗauka daga uwa, tara cikin goma cutar na zama a jikinsu har girma, alhali babban da ya kamu ƙasa da biyar cikin ɗari ne take zame musu ta dindindin. Matar da ta haihu a gida a kai jaririn cibiyar lafiya ranar. In ƙwayar ta yi yawa a jinin uwa ana fara mata magani daga mako na 28 na ciki.

Kuma don Allah a daina ware wa mai ciwon kwano da kofi. Ba a ɗauka ta gumi ko musabaha ko cin tuwo tare. Jini ne da saduwa da haihuwa. Ƙwayar tana kai kwana 7 da rai a busasshen jini, don haka inda za a sa ido shi ne askar wanzami, ƙaho, almakashin mai yankan farce, injin aski, reza da buroshin haƙori.

Alhaji Shehu Samaru: Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma akwai sharaɗin da in babu shi aikin banza ne, wato ajiya. Waɗannan alluran tsakanin digiri 2 da 8 suke zama. Mutane zafi suke tsoro, sun manta da ƙanƙara. Td da ta hanta da ta HPV, wato ta sankarar bakin mahaifa, da zarar sun daskare sau ɗaya sun lalace, ko da sun narke sun koma kamar ba abin da ya same su. Dalili shi ne sinadarin da ke riƙe da maganin a cikin ruwan yana dunƙulewa. Firijin gida da ake cusa ruwan leda a ciki, a ɗauke wuta awa goma, a dawo da ita ya yi ta aiki har bangon ya yi ƙanƙara, ba wurin ajiyar rigakafi ba ne. Ƙofar firiji ta yi ɗumi, jikin bangon baya ya yi sanyi da yawa.

Ga abin da mai karɓar allura zai iya dubawa da idonsa. A jikin yawancin kwalaben da ke zuwa ta hannun gwamnati akwai ɗan da'ira mai launin shuɗi-shuɗi da ɗan murabba'i a tsakiyarta. In murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai taɓa ta ba. In launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, a zubar, ko da kwanan watanta bai ƙare ba. Wannan alamar zafi kawai take nunawa, ba ta nuna daskarewa. Ta daskarewa sai an girgiza kwalbar an ajiye: lafiyayya takan daɗe da launin madara, wadda ta daskare kuwa nan da nan gari ke kwantawa a ƙasa, ruwan sama ya washe, ka ga 'yan ɓarɓashi. Sannan kada a saya a sa a aljihu a hau babur daga Sabon Gari zuwa cikin birni. In dole sai an ɗauko, a sa a kula da ƙunshin ƙanƙarar da aka bari ta fara narkewa, kuma kada kwalbar ta taɓa ta.

Famasis Nura: A duba lambar NAFDAC da lambar rukuni, a rubuta su a kati tare da kwanan wata. Ko kamfanin da ya yi ta farko daban da na ta biyu, babu laifi a ta hanta, ana ɗorawa.

Malam Sani Tudun Wada: Mu shiga ta shawara da sanƙarau, tunda su maniyyata suka sani.

Alhaji Shehu Samaru: Ta zazzaɓin shawara guda ɗaya ce har ƙarshen rayuwa. Da ana sabuntawa duk shekara 10, amma tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta soke wannan. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, don haka wanda ya bari sai jibi zai tashi ya makara. Jami'an lafiya na tashoshin jiragen sama, kamar na Kano da Abuja, su ke ba da katin mai ruwan ɗorawa na tafiya. Abin da ke damuna shi ne masu karɓar kati ba tare da allura ba. Suna ganin takardar shiga jirgi ce kawai, alhali cutar tana nan gida. Ta dawo Najeriya a 2017 daga jihar Kwara, a 2019 ta kashe mutane a yankin Alkaleri na Bauchi, wajen Yankari. Sauron da ke yaɗa ta da rana yake cizo, yana hayayyafa a tsohuwar taya da randar da ba a rufe ba, gidan sauro na dare bai isa ba. Babu maganin da ke kashe ƙwayar.

Ita allurar ƙwaya ce mai rai da aka raunana, gari ce ake haɗawa da ruwanta. In an haɗa, awa 6 ta yi sai a zubar, ba a ajiye ta zuwa gobe. Ba a yi wa mai ciki sai in annoba ta ɓarke, ba a yi wa wanda ƙwai ke tayar masa da mummunan bori, kuma wanda ya haura shekara 60 bai taɓa yi ba sai likita ya auna tukuna.

Dakta Aliyu: Sanƙarau kuma iri-iri ne, a nan mutane ke yaudarar kansu. Wadda aka yi wa matasa a gangamin da aka fara a 2011 nau'in A kaɗai take karewa, shi ne ya yi ɓarnar 1996 da ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Ta yi aiki ƙwarai, A ya kusan ɓacewa. Amma annobar 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato nau'in C ce, ta ci rayuka fiye da dubu. Saudiyya tana neman mai nau'i huɗu, A, C, W da Y, aƙalla kwana 10 kafin isa. Tsohuwar samfurin shekara 3 take aiki a wajensu, sabuwar da ake kira konjuget shekara 5, don haka a tabbatar an rubuta irin da aka yi a kati. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da mai nau'i biyar, wadda ta ƙara da X, ana yi wa masu shekara 1 zuwa 29 a wuraren da cutar ta ɓulla. Daga hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko ne lokacinta, ƙura da bushewar iska suna tsattsaga fatar cikin hanci, cunkoso ya ƙarasa. Ɗaliban da ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya a harabar jami'a ta Samaru da ta Kongo, da makarantun allo, da barikoki, in gangami ya zo kada su bari ya wuce su.

Dakta Hauwa likitar dabbobi: A yi mini izini in sa haukan kare, don kuskure a nan ba ya gyaruwa. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da dalalar miyau da firgita, kusan babu mai tashi. Amma tsakanin cizo da alamu akwai lokaci, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda in cizon a fuska ne ko wuya ko yatsu, saboda ƙwayar jijiya take bi zuwa ƙwaƙwalwa.

Mataki na farko a gida yake: ruwa mai gudu da sabulu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a zuba aidin. Kada a ɗinke raunin in ba dole ba, kada a ɗaure shi da tsumma, kada a sa gashin karen ko barkono. Allura a fara ranar: rana ta 0, ta 3, ta 7, sai ta ƙarshe tsakanin ta 14 da ta 28, a dantse, yaro ƙarami a cinya. Wasu asibitocin har yanzu biyar suke yi, 0, 3, 7, 14, 28, shi ma daidai ne. A ɗuwawu kam ba a yi. In haƙori ya huda fata har jini ya fito, ana buƙatar ruwan garkuwa da ake tsirawa a cikin raunin da gefensa, awo 20 a kowane kilo in na mutum ne, 40 in na doki ne, kuma bayan kwana 7 da fara allura ba a ba da shi. Ciki ko shayarwa ba sa hanawa.

Karen in an san shi a tsare shi kwana 10. In ya wuce su lafiya yana ci yana sha, ana iya dakatar da sauran allurar, amma ba a zauna jiran kwana goman kafin a fara. In ya mutu ko an kashe shi, kada a yar da gawar, a sanar da likitocin dabbobi don a gwada ƙwaƙwalwarsa. Kyanwa ma tana sa shi. Mafarauta masu karnuka da ma'aikatan asibitin dabbobi su yi ta kafin cizo, guda biyu, rana ta 0 da ta 7. In an cije su daga baya biyu kawai za a ƙara, ba sai ruwan garkuwa ba.

Sista Binta: Ta sankarar bakin mahaifa gwamnati ta fara ta a Oktoban 2023, ta iso jihar Kaduna a zagaye na biyu a 2024, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, guda ɗaya. Nau'i biyu na ƙwayar HPV, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 na wannan sankarar. Babbar mace tana iya saya, daga shekara 21 biyu ake yi da tazarar wata 6, sai dai ta sani allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga. Ga matar aure mai shekara 30 zuwa sama, in kuɗin ɗaya gare ta, gwajin bakin mahaifa ya fi mata amfani, 'yarta kuma ta kai ta a yi mata ta kyauta. Maganar cewa tana hana haihuwa ba ta da tushe.

Famasis Nura: Ta limoniya ba ta kowa ba ce, amma ga wasu tana da muhimmanci sosai: masu sikila, tunda saifarsu ta daina aiki tun suna yara, wanda aka cire wa saifa bayan haɗari, mai ciwon suga, zuciya, ƙoda ko huhu, da dattijo daga shekara 65. In samfurin PCV13 aka samu ita ake fara yi, sai ɗaya samfurin, PPSV23, bayan mako 8 ga mai raunin garkuwa, ko bayan shekara ga sauran. In aka juya tsarin sai an jira shekara guda. Ta mura duk shekara ake sabuntawa don ƙwayar na sauya kama, maniyyata masu yawan shekaru su neme ta. Ta taifot kariyarta ba cikakkiya ba ce, tsohuwar samfurin kuma shekara 3 take yi, tsabtar ruwan sha ba ta da madadi. Ta zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 ta ƙananan yara ce. Ciwon hanta na C da zazzaɓin Lassa babu rigakafinsu a kasuwa, duk wanda ya ce yana sayarwa a guje shi.

Malam Sani Tudun Wada: Tambaya ta shigo ta bayan fage: mai shan magungunan da ke rage garkuwa, ko mai HIV, yaya zai yi? Sannan me ake yi in jiki ya yi zafi bayan allura?

Dakta Aliyu: Ciwon dantse da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, farasitamol da tsumma mai sanyi sun isa, kada a gasa wurin da ruwan zafi ko a murza. Bori mai tsanani yana da wuya, kamar ɗaya cikin miliyan, kuma cikin mintunan farko yake zuwa, shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 kafin a tafi. Kumburin da ya tara ruwa bayan kwanaki yana iya zama alamar rashin tsabtar allura, a koma asibiti. Mura ko ɗan tari ba sa hana yi, zazzaɓi mai zafi ne ake jira ya sauka.

Mai raunin garkuwa kuwa, marasa rai irin su Td, ta hanta, ta limoniya, ta sanƙarau da ta haukan kare duk zai iya yi, shi ne ma ya fi buƙatarsu. Masu rai, wato ta shawara da ta ƙyanda, su ake taka-tsantsan da su. Mai HIV da ke kan magani, ba shi da alamun ciwo, CD4 ɗinsa, wato awon ƙwayoyin garkuwa a jini, ya haura 200, ana iya yi masa ta shawara bayan likitansa ya duba. Ƙasa da 200 ba a yi. Wanda ya sha firedinisolon miligiram 20 ko fiye kullum har mako 2 ya jira wata guda bayan ya daina, mai karɓar maganin sankara ya jira aƙalla wata 3 bayan an gama. In tafiya ta kama kafin lokacin, likitansa ya rubuta masa takardar uzuri mai hatimi ya kai wa jami'an lafiya na tashar jirgi, kuma ya bincika tun da wuri ko ƙasar da zai je tana karɓar irin wannan takardar.